SOYAYYAR MAJUSAWAN TEKU: ABIN ARA DA ABIN BARI

Gabatarwa

A zaman karatun da muka yi kwanan baya, wani matashi daga cikin sababbin membobinmu, mutumin Shagari, ya karanta mana babi biyu na littafin da yake kan rubutawa. Labarin wani barde ne mai dogon gashi da gatari, wanda ya sauko daga jirgin ruwa da asubahi, ya ƙone gari, ya kashe sarkin garin, ya kama 'yarsa ya tafi da ita ƙasarsu mai ƙanƙara. Kafin babi na biyu ya ƙare yarinyar har ta fara satar kallonsa. Sunan barden na Hausa ne, na yarinyar ma haka, amma teku da ƙanƙara da gunkin nan mai ido ɗaya da ake yi wa yanka duk baƙi ne. Da aka tambaye shi inda ya samo, bai ɓoye ba, ya ce daga fim ɗin nan mai dogon zango, Vikings, wanda aka nuna daga 2013 zuwa 2020, da kuma wasu littattafan soyayya na Turanci da ya karanta a waya.

Nan take zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce ya yar da shi, domin wannan tallar kafirci ce. Wasu suka ce a ƙyale yaro ya ba kasuwa abin da take so. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yaron yana da hannu, jimlolinsa suna tafiya, kuma ba shi kaɗai wannan iska ta kaɗa ba. Manufar wannan sharhi ita ce mu feɗe irin waɗannan littattafai, mu ga abin da ke cikinsu, sa'an nan mu auna shi da abin da ke gare mu a ƙasar Sakkwato, musamman tsakanin Boɗinga da Shagari.

Su Wane Ne Waɗannan Mutane?

Baikinawa mutanen arewacin Turai ne, wato ƙasashen da yau ake kira Norwe da Siwidin da Denmak. Sun shahara da kai hari ta ruwa da fatauci tun daga 793, lokacin da suka afka wa wani gidan ibadar Kirista a tsibirin Lindisfan na Ingila, har zuwa wajen 1066. Musulmi sun san su tun da wuri. A 844 sun hau kogi sun washe birnin Ishbiliya na Andalus a zamanin Abdurrahman na Biyu, marubutan Larabawa na can suka kira su Majusu. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin masana da dama na ganin daga gare shi kalmar Maguzawa ta fito. Ashe ke nan suna ɗaya alƙalamin malamai ya ba su da 'yan uwanmu da ba su karɓi Musulunci ba. Ta gabas kuwa, sun gangara kogin Bolga suna sayar da fatu da bayi suna karɓar dirhami. A 1999 an tono wata taska a tsibirin Gotland na Siwidin, azurfa mai nauyin kilo 67, cikinta da tsabar kuɗi wajen 14,000, mafi yawansu bugun ƙasashen Musulmi.

Wani abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin labaran soyayya da aka gina a fadar Majusawan nan alƙalamin Musulmi ne ya rubuta shi. Ibn Dihya, wanda ya rasu a 1235, ya kawo labarin mawaƙi Algazal da aka ce an aike shi wajen sarkin Majusu bayan harin Ishbiliya, inda sarauniyarsu mai suna Nud ta shaƙu da shi, yana yi mata waƙa, har ta sa ya rina furfurarsa. Masana tarihi da yawa na shakkar aukuwar wannan tafiya, domin kuwa kusan shekara 400 ke tsakanin Algazal da Ibn Dihya. Ko ta auku ko ba ta auku ba, labarin ya nuna mana cewa wannan sha'awa tsohuwa ce, kuma ba Turawa kaɗai ke da ita ba.

Zubi da Tsarin Littattafan

Littattafan da matashinmu ya karanta 'ya'yan kasuwar littattafan Amurka ne. Bari mu ɗauki biyu, tsoho da sabo. Na farko shi ne Fires of Winter na Johanna Lindsey, wanda ya fito a 1980. Tauraruwarsa Brenna 'yar wani basarake ce a Birtaniya. An yaudari gidansu da maganar aure, Baikinawa suka zo suka washe garin, aka kai ta Norwe aka ba Garrick, ɗan shugaban maharan, a matsayin baiwa. Ta ƙi shi, ya tilasta mata, aka yi ta faɗa da gudu da kamu, daga ƙarshe so ya shiga aka yi aure. Na biyu shi ne A Fate Inked in Blood na Danielle Jensen, na 2024. A nan tauraruwar, Freya, matar wani azzalumin miji ce da ke fama da feɗe kifi, sai aka gano tana ɗauke da ɗigon jinin ɗaya daga cikin allolinsu mata. Wani basarake mai kwaɗayin mulkin ƙasa duka ya ɗaure ta da rantsuwa saboda faɗar wata 'yar duba, ya sa ɗansa Bjorn ya tsare ta, kuma tsakaninta da mai tsaron ne soyayya ta ƙullu.

Shekara 44 ke tsakanin littattafan biyu, kuma an sami canji. A na farko mace ganima ce, a na biyu an miƙa mata garkuwa ta shiga fage. Amma ƙashin labarin yana nan yadda yake: mace a hannun wanda ya fi ƙarfinta, namiji mai ban tsoro a waje mai taushi a ciki, da ɗakin kwana da ake buɗe wa mai karatu ƙofarsa.

Adalci ne mu faɗi inda suka burge. Marubutan sun san sunan kowane abu a duniyar da suka gina, tun daga sassan jirgi da irin abinci har zuwa yadda sanyi ke shiga ƙashi. A littafi na biyu kuma tatsuniyar alloli tana aiki, domin ita ke tura labarin gaba, in an cire ta labarin ya rushe. Inda suka gaza, musamman na farko, shi ne harinsu ba ya da nauyi. An kashe mutane a farkon labari, amma da zarar barde ya yi murmushi sai gawarwakin su fara ɓacewa daga zuciyar labari. Jigon da ke ƙasa shi ne, in mai kamu kyakkyawa ne, kamun ma ya zama alheri. Wannan jigon ne matashinmu ya kwaso tare da ƙanƙara, ba tare da ya lura ba.

Abin da Tsofaffin Littattafansu Suka Ce

Mutanen tsibirin Aislan, jikokin Baikinawa, sun rubuta labaran kakanninsu a ƙarni na 13, kuma a ciki akwai baiwar da ta fi Brenna tsayawa a rai. A littafin Laxdaela Saga, wani basarake mai suna Hoskuld ya sayi baiwa a hannun ɗan kasuwa, aka ce masa bebiya ce. Ya kai ta gida, uwargidansa ta karɓe ta da irin fuskar da kowace Bahaushiya za ta gane. Ta haifa masa ɗa, kwanaki suna ta tafiya ba ta ce uffan ba, sai wata safiya ya tarar da ita a bakin rafi tana yi wa ɗanta magana tiryan-tiryan. A nan ne ta faɗi cewa sunanta Melkorka, 'yar wani sarki ce a Ailan, kuma tana da shekara 15 aka kama ta. Labarin bai ce ta so shi ba. Ta koya wa ɗanta harshen ƙasarsu, da ya girma ta tura shi ya nemo kakansa. Shirun nan shi kaɗai ya rage mata a hannu, kuma marubucin da ya rayu kusa da zamanin bauta ya san haka. Binciken da aka yi kan jinin mutanen Aislan a farkon shekarun 2000 ya nuna fiye da rabin matan da suka kafa al'ummar daga Ailan da Sikotlan suka fito, alhali mafi yawan mazan 'yan arewacin Turai ne. Ashe su Melkorka suna da yawa.

Akwai kuma shaidar Ahmad Ibn Fadlan, wanda ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya isa bakin Bolga a 922. A can ya ga jana'izar wani shugaban mutanen da ya kira Rus, waɗanda mafi yawan masana ke ɗauka Baikinawan gabas ne. An sa gawar a jirgi, aka kawo kuyangarsa aka ɗirka mata giya, wata tsohuwa da suke kira Mala'ikar Mutuwa ta kashe ta kusa da ubangidanta, aka cinna wa jirgin wuta. Wannan ma yana cikin abin da kan sami baiwa a hannun barde mai dogon gashi.

Ko a tatsuniyoyin allolinsu so ba ya zuwa kyauta. Freyr ya hango Gerd 'yar ƙattai, so ya kwantar da shi, ya aiki baransa neman ta, ya ba shi takobinsa lada. Baran ya yi mata tayin zinariya ta ƙi, ya yi barazanar sare mata kai ta ƙi, sai da ya shiga jero mata tsinuwa da tsafi kana ta amince. Amma ranar yaƙin ƙarshe, wanda suke kira Ragnarok, Freyr zai fita fage ba takobi a kashe shi. Bugu da ƙari, a tsohuwar dokar Aislan wanda ya yi wa mace waƙar soyayya hukuncinsa kora daga cikin jama'a. Saboda haka ƙasar sakin fuska da littattafan kasuwa ke zanawa, a Amurka aka gina ta.

Mu ma Mun Taɓa Ara

Masu cewa aro laifi ne su tuna da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Tushensa labarin barden Rasha ne, Ilya Muromets, kuma Sarki Waldima na birnin Kib shi ne Baladimir sarkin Kiyef, wanda ya rasu a 1015. Shi kuwa Baladimir zuriyar Rurik ne, wato Baikinawan gabas, kuma da mayaƙan arewacin Turai ya ƙwaci gadon sarauta. Wato jikan Baikinawa ya shigo adabin Hausa tun 1951, 'yan makaranta suka yi ta karanta shi ba su ji warin baƙo ba, domin Ingawa ya sa masa rigar gida, maganar mutanen da gaisuwar fadar duk na Hausa ne. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce da labaran Larabawa da na Turawa.

Ta fuskar jarumta muna da Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin 'ya'yan gasar 1933, wanda ya fara da ƙafarsa a ƙasa, yana fafatawa da Turawa a garuruwan da muka sani, kafin ya faɗa duniyar aljanu. Ta fuskar so da gaibu muna da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya nemi fansa ta hanyar asiri, abin ya cinye kowa. Muna da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, shekara ɗaya da littafin Lindsey, inda aljana ta shiga tsakanin masoya. Sai kuma littattafan yaƙi da suka cika kasuwa daga baya, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowa suna a kansu. Sun tabbatar da cewa akwai masu karatu masu ƙishin takobi da sihiri da so, sai dai mafi yawansu a wasu birane masu nisa ake gina su, inda ba gero ba gawo ba rijiyar Hausa. Littattafan da suka haɗa soyayya da tarihin ƙasar nan na haƙiƙa da abin da mutanen dā suka yi imani da shi ƙalilan ne. Nan ne filin yake, ga shi kuwa ba a share ba.

Tsakanin Boɗinga da Shagari

Wanda ya hau mota daga Sakkwato zuwa Shagari yana ratsa abin da zai ishi marubuci goma. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Boɗinga, maƙwabciyarta. A cikin waɗannan shekaru aka raba kula da ƙasa tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello, a 1812, shekarar da Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, sa'an nan Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813. Kusa da Shagari ga Yabo ta Muhammadu Moyijo, wanda jama'ar Shehu ta sauka a ƙasarsa bayan yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. In an nufi yamma ga kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda ya tsaya wa Songhai da Borno a ƙarni na 16. Mai neman mutanen ruwa da jirage ba sai ya je Norwe ba, ga Kabawa da Sarkawa nan a bakin gulbi.

Abu biyu nake so marubutanmu su lura da su a wannan tarihi. Na ɗaya, maganar kamammu tana cikin tushen jihadin kansa. Mayaƙan Gobir ne suka afka wa Gimbana, garin jama'ar Malam Abdussalami, suka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su, kuma wannan na cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Na biyu, shi kansa Malam Abdullahi ya taɓa barin runduna a wajen 1807 ya nufi gabas, saboda takaicin ganin wasu sun mai da hankali kan sarauta da ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakai, har mutanen Kano suka tsai da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ga barde mai takobi da alƙalami wanda nasara ta hana shi barci. Irin wannan rikicin zuci babu shi a zuciyar Garrick.

Ba ina cewa a ɗauki waɗannan bayin Allah a sa su cikin labarin soyayya ba. Wannan rashin ladabi ne, kuma ko ta fuskar fasaha kuskure ne, domin tarihi ya riga ya ɗaure wa marubuci hannu a kansu. A bar su a nesa kamar dutsen da ake hange. Taurarin su zama ƙagaggu: ɗalibin da ya zo Sifawa karatu aka ba shi baka da kibiya, ko masaƙi, ko ɗan su, ko Bagobirar da aka kawo bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Matsalar Baiwa

A nan ne aron ya fi haɗari. Baturiyar da ke karanta labarin Brenna shekara dubu ke tsakaninta da abin, ba ta san ko kakarta ce aka kama ko kakanta ne ya yi kamun ba. Mu ba haka muke ba. A Satiru, kudu da Sakkwato, ba nisa da mu, talakawa da gudaddun bayi sun tayar wa Turawa a Fabrairun 1906, a watan Maris aka rushe garin, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kora mata da yara dubbai. Dokar Turawa ta 'yanta wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Jikokin wanda ya kama da na wanda aka kama suna sallah a sahu ɗaya, kuma kowa ya san abin da akan yi raɗa a kansa in an zo binciken asali lokacin aure. Marubucin da ya sa kamammiya ta faɗa son wanda ya kashe ubanta a babi na biyu, ya sani da kakar maƙwabcinsa yake magana.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mana hanya tun shekarun 1930. Uwar Umar ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bayi, aka ƙetare hamada da ita, kuma marubucin bai yayyafa wa wahalarta turare ba. Haka labaran harin bayi da Baba ta Karo ta ba Mary Smith, waɗanda aka buga a 1954.

Wannan ba ya nufin so ba ya tsirowa a irin wannan wuri. An yi zama, an haifi 'ya'ya, ƙwarƙwarar da ta haihu takan 'yantu bayan ubangidanta, 'ya'yan wasunsu sun hau gadon sarauta. Amma marubuci ya yi wa kansa tambayoyi kafin ya ce so ya shiga. Shin tana da ikon cewa a'a a lokacin da ta ce i? Ina mutanenta da aka kashe, suna zuwa mata a mafarki ko marubuci ya binne su don ya huta? Shi kuma barden, me ya rasa saboda ita? In amsar ita ce bai rasa komai ba, to, tallar ƙarfi aka rubuta.

Matsalar Iskoki

Odin da Tor sun daɗe da rasa masu yi musu yanka, in ban da 'yan tsiraru da suka farfaɗo da abin a zamanin nan, shi ya sa Bature ke wasa da su yadda ya ga dama har a fina-finan yara. Iskokin ƙasar Hausa kuwa ba su tafi ko'ina ba. Har yanzu akwai masu girka, akwai masu kiran Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Inna da Barhaza da sauran mutanen Jangare, kuma marubucinmu Musulmi ne, masu karanta shi ma haka. Saboda haka damuwar 'yan uwan da suka ce a yar da littafin tana da tushe. Sai dai maganin da suka kawo ne ban yarda da shi ba.

Mu duba yadda tatsuniyoyin Baikinawa suka iso ga duniya. Aislan ta karɓi Kiristanci a wajen shekara ta 1000. Bayan shekara 220 sai Snorri Sturluson, wanda Kirista ne, ya rubuta littafin Edda domin matasan mawaƙa, saboda ya ga sun daina gane azancin tsofaffin waƙoƙi. Ya bayyana cewa allolin nan mutane ne da suka zo daga gabas aka mai da su abin bauta, ya kuma gargaɗi masu karatu kada su yi imani da su, sa'an nan ya ba da labaran dalla-dalla. Da ya ƙone su, da Jensen ba ta sami abin rubutawa ba.

Malamanmu ma ba su rufe ido ba. Shehu ya zayyana al'adun da yake yaƙa a Nurul Albabi da Kitabul Farƙi, kuma daga nan muke sanin da yawa daga cikinsu a yau. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san bori sarai, ta kafa 'Yan Taru domin ta janye matan ƙauye daga gare shi, kuma Jean Boyd ta nuna cewa malfar da take ɗora wa jajinta irin wadda Innar Gobir ke sawa ce. Malamai na cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Abin da ke kan marubuci shi ne ya rarrabe bakinsa da bakin taurarinsa. Bagobirar 1808 da ke tsoron Inna, a bar ta ta ji tsoronta da gaske, a kuma nuna yadda zuciyarta ke juyawa sannu a hankali in ta zauna gaban jaji. Kuskure biyu ne za a guda: mai da littafi dandalin girka, da kuma mai da duk wanda bai musulunta ba dodo mai jan ido. Na biyun ne ya fi yawa a littattafanmu na yaƙi, inda boka ba shi da uwa ba shi da yunwa, aikinsa ƙyaƙyata dariyar mugunta. Mai son barde mai hauka a fage kuwa ya je ya zauna da 'yan tauri da mafarauta ya saurari kirarinsu, zai ga gatarin Baikin bai fi su ban tsoro ba.

Me Ake Nufi da "Na Manya"?

A kasuwar Turawa in an ce littafi na manya ne, galibi ana nufin an kwatanta abin da ke faruwa a shimfiɗa filla-filla. Wannan fassara ta shigo mana ta littattafan da ake yaɗawa a WhatsApp da Wattpad, inda wasu ke rubuta gargaɗin "na matan aure ne" a matsayin talla. Ni a ganina littafin manya shi ne wanda ke ɗauke da damuwar manya. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, littafin manya ne, domin ya yi maganar saki da kishi da wulaƙancin miji ba tare da kwana-kwana ba, kuma bai buɗe labule ba. Hausa na da kara da kunya da habaici, kuma waɗannan kayan aiki ne ga wanda ya iya. Matar da ba ta faɗar sunan miji, ranar da sunan ya suɓuce daga bakinta a cikin tashin hankali, mai karatu zai ji abin da shafi goma na batsa ba zai sa ya ji ba. Batsa kuwa, ban da zunubi, hanya ce ta rago, domin tana rufe wa marubuci ramin da ya kasa cikewa da hali da magana.

Kammalawa

Abin ara a wajen marubutan soyayyar Baikinawa shi ne riƙon da suka yi wa kayan gida: sun koma ga tsofaffin littattafai, sun koyi sunan kowane abu, sun sa tatsuniya ta yi aiki a cikin labari. Abin bari shi ne ƙanƙara da gunki mai ido ɗaya, da kuma jigon nan mai cewa kamu alheri ne in mai kamun kyakkyawa ne.

Ga ƙanena mai littafi, ina tuna masa cewa mutumin garinsu, Alhaji Shehu Shagari, yana ɗan shekara 23 ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948, domin yara su san ƙasarsu da bakinsu. Kada ka yar da babin nan biyu, ajiye su. Ka je Sifawa da Yabo, ka zauna da tsofaffi, musamman mata, ka tambaye su yadda ake kiran kayan doki da kayan ɗaki da waƙoƙin niƙa, ka nemi fassarar Tazyinul Waraƙati ka karanta. Sa'an nan ka dawo zama mai zuwa ka sake karanta mana babin farko, mu ji abin da yarinyar za ta ce, ko kuwa ita ma shiru za ta yi. Masu ra'ayin da ya saɓa wa nawa kuma, shafin nan a buɗe yake gare su a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace, amin.